Jirage Biyu da Kawun Dakta Kabiru

Ku samarin da kuke leƙowa wurin aikina ranar Asabar kuna cewa, "Baba Isuhu, ai yanzu komai yana cikin waya," ku samu wuri ku zauna. Na yarda waya za ta gaya muku tsawon jirgin ruwa da ƙarfin injinsa da yawan man da yake sha. Ni ma ina dubawa, idan 'yata ta ƙara mini girman rubutun. Amma na haura shekara talatin ina duba wa mutane jirgi kafin su saya, kuma aikin da har yau idan na tuna shi nake dariya ni kaɗai a cikin bas, ba a jikin inji na gano amsarsa ba. Zan zo kansa. Bari in fara daga inda na fara.

A kwatar Yawuri na koyi inji, bayan na ajiye karatu a aji shida. Ubangidana Baba Namata ne, mai gyaran injin kwale-kwale. Shekara biyu bai bar ni na riƙe sifana ba. Aikina wanke fulogi da fetur, da kwashe ruwa daga cikin jirgi da rabin galan. Idan ba aiki sai ya sa in juya wa kogi baya, in faɗi jirgin wa ke tahowa daga ƙarar injinsa kawai, da abin da ke damun injin. Ranar kasuwa kuwa shi ba ya kallon inji sam. Gefen jirgi yake kallo, ya ɗaga hannu yana auna yatsu nawa suka rage tsakanin ruwa da bakin katako. Idan bai kai tafin hannu ba, sai ya zare igiyar tayar da inji ya sa a aljihu, ya zauna yana cin goro har sai wasu sun sauka. An zage shi, an roƙe shi, an haɗa shi da iyayensa. Bai taɓa ba da igiyar ba.

Tuƙin mota ne ya kawo ni London, wani Alhaji ya taho da ni. Wata ranar hutu ina yawo a bakin wani rafi da ke bayan Barking, inda yake zuba cikin Kogin Tems, na ga wani tsohon Bature yana ta jan igiyar inji yana zagi. Na tsaya a bayan shinge na saurara. Turancina a lokacin bai fi na gaisuwa ba, sai na nuna masa da hannu cewa iska ce ke shiga ta tiyon mai. Ya dube ni, ya dubi tiyon, ya buɗe mini ƙofa. Sunansa Mista Reg, shi ne mai wurin gyaran jiragen, kuma a hannunsa na sake zama ɗan koyo ina da gemu.

Shi ya koya mini jirgin faiba, wanda ba ya ruɓewa a gani kamar katako, sai dai ya sha ruwa a ɓoye. Shi ya koya mini ruwan gishiri da yadda yake cin ƙarfe. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kogin kansa. A gida kogi yana cika sau ɗaya a shekara. Nan kuwa sau biyu a rana yake cika ya janye. Ranar da na fara gani na je cin abinci, na dawo na tarar da jirage duka zaune a kan taɓo, na ruga na gaya wa Reg an samu matsala, ruwa ya tafi. Ya yi dariya har ya zauna a kan bokiti. Tun ranar ban sake fita gida ba sai da takardar lokutan cikar ruwa a aljihun gaba, da wata a aljihun baya saboda ko ta gaban ta jiƙe.

Kayan aikina ba su cika jaka guda ba. Akwai 'yar guduma mai kan roba, da ita nake bin ƙasan jirgi taku taku ina ƙwanƙwasawa. Inda yake da lafiya zai amsa da ƙarfi, inda ya sha ruwa zai amsa kamar ka bugi kabewa. Akwai tocila, da madubin likitan haƙori na leƙa lungu, da sukudireba, da farar takarda da nake ɗiga man giyar inji a kai. Idan man ya fito kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, ka gaishe da mai jirgi ka tafi. Sai tafin hannuna. Kafin a tayar da inji nake ɗora shi a kai, domin mai sayarwa da ya san injinsa yana gardama da safe zai riga ka zuwa ya ɗumama shi. Akwai kuma toshin da ke ƙasan jirgi ta baya, inda ake zubar da ruwa idan an fito da shi tudu. Sau uku nake duba shi. Na taɓa kaiwa har tashar jirgin ƙasa, na sa ƙafa ɗaya a cikin jirgin District line, na fito na koma na sake taɓa shi. Yana nan a ɗaure. Kullum yana nan a ɗaure, amma sai na taɓa.

Aikin Alhaji Sabo shi ne ya jawo mini muguwar shekarata. Na duba masa jirgi mai kyau, babu abin da ban ƙwanƙwasa ba. Kowane jirgi yana da ɗan allon ƙarfe kusa da sitiyari da ke faɗin mutum nawa zai ɗauka, nasa ya ce shida. Kwana biyu bayan Sallah ya zuba mutum goma sha uku da tukwane. Jirgi ya yi nauyi, ya kasa dawowa kafin ruwa ya janye, ya zauna da su a tsakiyar taɓo tun hantsi har bayan la'asar. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Amma wani a gaɓa ya ɗauki hotonsu, manyan mutane da manyan riguna sun yi jugum, wata Hajiya ta riƙe takalminta a hannu. Hoton ya zaga wayoyi daga Peckham har Kano, kuma a ƙarƙashinsa aka rubuta jirgin da Isuhu ya zaɓa. Shekara guda babu Bahaushen da ya kira ni aiki. A masallaci bayan an gaisa sai a ce, "Ya taɓo?" Reg ya ce ba laifina ba ne. Na ce masa na yi wa jirgin tambaya ɗari, mai jirgin kuwa ban yi masa ko ɗaya ba.

To ga aikin da na ce zan zo kansa. Dakta Kabiru likita ne a wani asibiti a nan, yana zaune a Barking, mutum mai sanyin magana wanda idan ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Ya daɗe yana son jirgin da zai riƙa fita da iyalinsa ranar hutu. Ya samu guda biyu a wurin wani dillali can ƙasa da mu, ya kasa zaɓa, ya kira ni. Kamfani ɗaya ya ƙera su, tsawonsu ɗaya, shekara guda ce tsakaninsu, farashinsu kusan ɗaya, kuma allon kowanne ya ce mutum bakwai. Ɗaya fari ne, cikinsa a buɗe fetal, dogon benci a kowane gefe da fili a tsakiya wanda za ka iya shimfiɗa tabarma. Ɗayan shuɗi ne, an cinye gabansa da ɗan ɗaki, bayansa kuma kujeru ne a kafe, kowace da mazauninta, guda bakwai, babu inda za ka ajiye ko buta.

Kafin in buɗe jaka na tambaye shi su nawa ne. Ya ce huɗu, shi da Hajiya Rabi da yara biyu. Na ce da baƙi fa? Ya yi murmushi ya ce ya san labarin Alhaji Sabo, shi ba zai yi haka ba, aikinsa ma bin ƙa'ida ne. Na rubuta huɗu a littafina, na ja layi a ƙarƙashi, na sa alamar tambaya.

Sau uku na je wurin jiragen nan. Na ƙwanƙwasa ƙasan Fari tun daga hanci har baya, ya amsa lafiya. Na ƙwanƙwasa Shuɗi, ya amsa lafiya. Na rataya a ƙafar injin kowanne da duk nauyina in ga ko allon baya zai motsa, ko gezau. Man giya garau a duka biyun. Farfela babu tsaga. Na shinshina tankin mai, na leƙa da madubi, na bi wayoyin batir ɗaya bayan ɗaya. Babu abin da ke tayar mini da hankali a sana'ar nan kamar in rasa aibu, domin na san yana nan, ni ne ban gan shi ba. Dillalin, wani mai jan wuya, da ya gan ni karo na uku sai ya tambaye ni ko in kawo katifa. A ƙarshe abin da na samu bai taka kara ya karya ba: injin Fari ya fi ƙuruciya, kuma ya fi saurin tashi da sanyi. Dakta ma Fari yake so, ya ce yara za su sake. Na rubuta Fari a littafi da fensir.

Saura gwaji a ruwa. Na tsayar da ranar Asabar ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da ruwa zai cika. Na ce wa Dakta ya zo da iyalinsa su huɗu, ni na biyar. Na cika jarkoki da ruwa na jera a kan kwata, su ne za su tsaya a madadin mutum biyun da suka rage, in ga yadda kowane jirgi zai yi da cikakken kayansa. Na zo da rigunan ceto bakwai. Na duba toshi.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura motar Dakta ta shigo. Bayanta wata ta biyo. Na ce a raina ta wasu ce. Sai ta tsaya a gefenta, ƙofofi suka buɗe, aka fara fitowa. Dakta ya taho wurina da sauri yana kallon ƙasa, ya ce shi fa matarsa kaɗai ya gaya wa. Hajiya Rabi kuma ta ce ita ƙanwarta kaɗai ta gaya wa, ƙanwar ta taho daga Plumstead da mijinta da 'ya'ya uku. Sannan ga Kawu Bala, yayan mahaifiyar Dakta, wanda ya zo daga Kano ganin likitan ido yana sauke a gidansu da matarsa. Yaya za a yi a fita a bar Kawu a gida da talabijin? Na ƙirga, sha ɗaya. Na sake ƙirgawa, sha ɗaya, ban da kuloli biyu na abinci da darduma da filas. Na dubi jarkokina. Wallahi dariya ce ta taso mini, irin wadda take zuwa wa mutum idan abin da ya shekara yana tsoro ya fito daga mota da hula yana gaishe shi.

Kawu Bala dogo ne, mai murya, irin dattijon da idan ya shiga wuri shi ne shugaba ko ba a naɗa shi ba. Muka gaisa, ya tambaye ni mutanen Yawuri kamar jiya ya baro su. Fari ne ya fi kusa, a ɗaure da igiya gaba da baya. Kafin in buɗe baki Kawu ya sa ƙafa ya shiga, ya dubi filin nan, ya ce masha Allah, wannan ai falo ne. Ya fara kira da suna. Mata suka shiga, yara suka yi tsalle, kuloli suka bi. Na zare makullin na sa a aljihu, na ji kamar Baba Namata yana tsaye a bayana da goronsa.

Amira, babbar 'yar Dakta, ta tsuguna ta karanta allon ƙarfen da ƙarfi da Turanci, ta ce an rubuta bakwai. Uwarta ta harare ta. Kawu ya ce, "Bakwai na Turawa ne, 'yar nan, su ƙattai ne. Mu a matsa kawai. Kabiru, shigo mana, ga wuri."

Na dubi Dakta. Mutumin da ya ce mini aikinsa bin ƙa'ida ne, wanda a asibiti idan ya ce a'a ba mai musa masa. Ya ce, "To, Kawu." Ya shiga.

Jirgin ya nutsa a hankali kamar an danna shi da hannu. A bayan irin wannan jirgi akwai ramuka biyu da ruwan da ya fantsamo ciki yake fita ta nan. Da nauyi ya yi yawa sai suka koma ƙarƙashin ruwa, maimakon su fitar sai suka fara shigo da shi. Matar Kawu ce ta fara ɗaga ƙafa ta ce wa ya zubar da shayi. Dillali ya fito daga ofis a guje, wuyansa ya ƙara ja. Kawu ya leƙa ya ce ai ɗan ruwa ne, a ba yara kofi su kwashe. Kuma har a lokacin, ku ji da kyau, tsakiyar jirgin da sauran fili. Ido yana ganin wurin mutum uku.

Ban yi gardama da shi ba, ba a gardama da irin Kawu a gaban 'ya'yansa. Na ce ranka ya daɗe, kafin a tashi a zo a ga ɗayan, kada a yi masa rashin adalci. Aka fito ana ɗaga zannuwa ana dariya, aka nufi Shuɗi. Kawu ya tsaya a kan kwata ya leƙa. Ya ga ɗaki a gaba, ya ga kujeru. Na ga leɓensa yana motsi, yana ƙirgawa.

"Wannan ai bakwai yake ci," in ji shi. "Ina za a sa sauran? A kan cinya?"

Ni dai na kama igiya ina gyara ƙullin da ba abin da ya same shi.

"To sai a yi sawu biyu," ya ce. "Malam Isuhu direba, saura shida. Kai, kai, ke, ku biyu. Sauran ku zauna ku ci abinci, yanzu za mu dawo. Kada wanda ya ƙara ƙafa, ba ku ga ya cika ba?"

Na raba riguna bakwai, na ɗaure wa kowa da hannuna, na Kawu a kan babbar riga har ya koma kamar buhun auduga. Na duba toshi. Muka fita rafi a hankali, muka shiga babban kogi, na tura giya. Hancin Shuɗi ya ɗaga, ya kwanta, ya fara yanka ruwa. Kawu ya dafe hula da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe kafaɗata, yana cewa ƙara, Malam Isuhu, ƙara. Matarsa da ta shiga tana salati sai ga ta tana guɗa. Wani jirgin kaya ya wuce can nesa, igiyar ruwansa ta zo ta ɗaga mu ta sauke, yara suka yi ihu suka ce a sake. Ni da ban cika dariya a kan ruwa ba, saboda kunnena yana kan inji, na ji bakina a buɗe iska tana shiga. Na auna gefen jirgi da ido, tafin hannu uku da ɗoriya. Na ƙara mai.

Da muka dawo mutum biyar suka rage. Kawu ya ƙirga su, ya ƙirga kujeru, ya ce saura ɗaya, bai kamata a bar ta haka ba. Ya koma ya zauna. Sawu biyu ya yi, kuma a na biyun sai da na bar shi ya riƙe sitiyari na minti guda, hannuna a kan nasa.

Bayan an zauna cin abinci a kan darduma, na ɗauki Dakta shi kaɗai da jarkokina muka gwada Fari, domin ba na barin aiki rabi. Gaskiya ya fi Shuɗi tashi, ya fi shi laushin juyawa. Dakta ya ce, "Malam Isuhu, ka ji injin nan kuwa? Fari ya fi."

Na kashe inji a tsakiyar rafi. Na ce, "Ya fi, Dakta. Da Mista Reg ne zai saya, Fari zan ce. Amma in tambaye ka. Idan Kawu ya sake cewa a matsa, za ka iya ce masa a'a?"

Ya daɗe yana kallon gaɓa, inda Kawu yake tsaye da cinyar kaza yana nuna wa yara yadda ya juya sitiyari. Ya ce Kawu ne ya biya masa kuɗin makaranta tun daga sakandare. Ya ce ko a mafarki ba zai iya ba.

Na ce, "Ni ma ba zan iya ce wa nawa ba. Kuma bayan Kawu akwai surukai, akwai abokan aiki, akwai duk wanda zai sauka a gidanka da rani. To ka sayi jirgin da zai faɗa a madadinka. Fari kullum zai nuna musu da sauran wuri. Shuɗi kuwa ka gani da idonka, Kawu da kansa ya ce ya cika."

Dakta ya yi dariya har jirgin yana rawa, ya cire gilashinsa yana goge ido. Na ciro littafi na goge Fari, shi ya sa nake rubutu da fensir. Ranar Litinin ya sayi Shuɗi. Na sa ya sayi rigunan ceto bakwai cif, biyu daga ciki na yara, na ce kada ya kuskura ya ƙara ta takwas ko kyauta aka ba shi. Na ba shi takardar cikar ruwa guda biyu, na nuna masa aljihun da kowace za ta zauna.

Saboda haka idan an kira ku duba jirgi, ku ɗauki guduma da tocila, ku taɓa inji da sanyi, ku duba toshi. Duk wannan wata shida ya isa ku iya. Amma ku tsaya ku ga motar da za ta biyo bayan ta mai saye, ku ga wanda zai fara fitowa daga cikinta, da yadda mai sayen yake sunkuyar da kai idan yana gaishe shi.

Idon Kawu Bala ya warke, amma kowane rani sai ya samo dalilin dawowa a sake dubawa. Dakta ya ce yanzu Kawun ne mai tsayawa a kan kwata da riguna a hannu yana raba sawu, ranar Sallah har sawu huɗu suka yi, kuma ya taɓa mayar da wani babban Alhaji ya jira na gaba. Makon jiya Dakta ya turo mini hotonsu a kan ruwa, kowa yana ɗaga hannu, Kawu a gaba da sabuwar hula mai igiya a haɓa. Na miƙa wa 'yata ta ƙara mini girmansa. Na bi kawunan da yatsa. Bakwai ne. Na sake ƙirgawa, sannan na buga masa waya na tambaye shi ko ya duba toshi.